Alkamar Orest a Rumbun Dattijo

Da hantsin Litinin Halyna Danyluk ta kira 'yan sanda: an kwashe rabin alkamar rumbunsu. Mijinta Orest yana kwance a asibiti, shi ya sa mutanen ƙauyen Velna suka yi masa gayya suka girbe gonarsa. Abincin shekararsu ke nan.

Sufeto Tessier ya zagaya rumbun. Babu kwaɗo. A Velna, kulle rumbu zagin maƙwabci ne.

"Wa ya san abin da ke ciki?"

"Duk wanda ya ci abincina ranar gayya," in ji Halyna, tana huci. "Ƙatti goma sha tara!"

Wendell Krahn, dattijon coci, shi ya jagoranci gayyar.

"Sufeto, kada ka ƙona manka a banza," in ji shi. "Clovis ne, baƙon nan mai shanu. Na ga motarsa a hanyar ran Asabar."

Sufeto ya tarar da motar Clovis a kan turaku, babu taya, ciyawa ta tsiro ƙarƙashinta.

"Da wannan na yi satar?" in ji Clovis. "Ko a ka na ɗauka? Shekara tara ina nan, har yau baƙo nake!"

Sufeto ya koma wajen Halyna. "Mijinki yana zuba 'yan takardu masu lambarsa cikin hatsi, irin na gane hatsin sata?"

"Duk shekara. Bana kowa ya ɗauka babu mai zubawa. Ni na zuba, suna can suna cika ciki."

Ƙanƙara ta kashe gonar Wendell tun Yuli, amma rumbunsa cike yake. Sufeto ya je can, ya tsoma hannu cikin alkamar, ya buɗe tafinsa. Takardu uku, kowace kamar farce.

"Dattijo, karanta mini lambar nan."

Wendell ya ce, "Kwana huɗu na yi a gonar Orest. Mutumin da ba zai kai bazara ba, me zai yi da..."

"Rufe mini baki!" in ji Sufeto. "Ka yi addu'a a kan abincin Halyna, ka saci na mijinta, ka ɗora wa wani. Miƙo hannu."

A Velna mota ba ta wucewa ba a ɗaga mata hannu ba, ko da ta maƙiyi ce. Ranar mutane sun cika bakin titi. Wendell ya bi su da kallo ta gilashin motar 'yan sanda har ƙarshen gari. Babu hannun da ya motsa.