Tambayar da Aka Yi wa Baba Kafin Tiyata

A tagar ɗakin magani ya fara ganinta, tana duba takardarsa tana yatsina fuska.

"Kullum wannan allurar? Akwai wadda ta fi ta sauƙin illa."

Aikinsa sa marasa lafiya barci kafin tiyata, ya saki naman jikinsu da allura, ya zura bututun numfashi a maƙogwaro. Allurar iri biyu ce: ɗaya takan saki mutum bayan minti biyar, ɗaya sai ta kusa awa. Shi ta farkon yake so.

"In bututu ya ƙi shiga, numfashinsa zai dawo da wuri," ya ce.

"Wato ba ka son abin da zai daɗe."

Shekara shida yana cin abinci shi kaɗai a ɗakin canza kaya, a ƙarƙashin rigunan mutane. Washegari saƙonta ya shigo wayarsa: "Minti Biyar, ka ci abinci?" Ya karanta shi sau tara kafin ya rubuta: "Yanzu zan ci, Sarauniyar Taga."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta ya ce ina. Shi likitan tiyata yake hange mata.

"Mai sa mutane barci? Ai rediyona ma yana yi."

Saƙonni suka ɗauke. Tsawon wata uku, wata daban ce ke miƙo masa magani.

Sai ciwon matsarmama ya kwantar da tsohon, tiyatar kuma ta faɗo ranar aikin mai sa barcin. Ya ja kujera gefen gado.

"Baba, a danginku akwai wanda tiyata ta taɓa ba wa wahala?"



"Ƙanina. Jikinsa ya ɗau zafi a kan tebur, bai tashi ba. Shekara talatin ke nan."

Irin wannan gado ne, a jini yake, kuma allurar da yake so tana tayar da shi. Ya canza maganin barcin, ya je taga da kansa ya roƙi ɗayar. Ita ce a wurin. Ta miƙa, ba ta yi masa gori ba.

Da Baba ya farfaɗo, likitan tiyata ya sha godiya, kamar kullum. Sai bayan kwana biyu Baba ya ce da 'yarsa, "Kira min wancan mai tambayar. Tun da muka binne ƙanina ba wanda ya ce me ya same shi."

Ranar ɗaurin aurensu Baba ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a. In sun zo, ka rubuta wa kowannensu sunan allurar nan."