Gashin Kan Baba

"Wanda ya taɓa kan ɗan'uwana ya fita daga zuri'ata!" Baffa Epeli ya faɗa yana nuna Salanieta da yatsa. "A Fiji aka haife ki, ko kin manta kai abu ne mai alfarma?"

Ta sunkuyar da kai. Gawar Baba na asibitin Lautoka. Waisea, masoyinta, na hannun 'yan sanda, don shi ya dama yangona, abin shan gargajiya na garin saiwa, wadda Baba ya sha ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

"Baffa, likitar ta ce guba ce. Silin gashi kaɗan take so..."

"Saboda saurayi za ki aske ubanki?"

Mama na gefe tana share hawaye.

Da ta je ganin Waisea, ya rame, amma bakin nan nasa na nan.

"Sala tawa, kin zo duba ko na ƙara kyau?"

"Ka yi muni," ta ce. "In na yarda a yanki gashin, dangi za su yar da ni."

"To bar shi. Ba zan raba ki da naki ba."

Maganar nan ce ta sa ta yarda. Da kanta ta durƙusa gaban gawar, ta tafa hannu yadda ake neman izini, ta roƙi Baba gafara, sannan likita ta sa almakashi.

Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da ita. "Gashi ba ya mantuwa. Duk wata yakan ƙaru kamar faɗin yatsa, ya riƙe abin da ya shiga jini. Kusan shekara ana ba mahaifinki gubar nan kaɗan-kaɗan."

Waisea kuwa bai fi wata da saukowa daga jirgin kamun kifi ba, bayan ya shekara a teku.

Gubar maganin gara ce, irin wadda ake jiƙa katako da ita. Aka same ta a garin yangonar da Baffa, mai injin yanka katako, ke kawo wa Baba. Gonar raken gado Baffan yake so. Aka kama shi, aka saki Waisea.

Ranar da Waisea ya zo neman aure, ya zauna nesa da akushin yangona, ya ƙi taɓawa.

Mama ta tura masa shi. "Dama mana, ɗana. Ni zan fara sha."