Kwaɗin Cikin Kwalabe

Ana gab da kiran magariba, tana tsugune a tsakar gida tana wanke kwanuka, ta ji kukan kwaɗo. Da farko ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai da ta ɗauraye kofi na ƙarshe sannan ta tuna cewa tsakiyar rani ake, kwatamin ƙofar gida ma ya bushe ƙayau, kuma kukan daga ɗakin ajiya yake fitowa, inda kwalabenta suke.

'Yan unguwa Dakta Kwaɗo suke ce mata. Su a wasa suke faɗa, ita kuwa sunan har cikin ranta yake sukarta, domin digirin bai zo ba, kwaɗin ne kawai a hannu. Tana goyon 'yarta Shalele ta shiga sashen nazarin halittu na jami'a, ga shi yanzu Shalele har ta iya karanta allon shago, uwar ba ta gama ba. Bincikenta a kan tsutsotsin da ke zama a hanjin kwaɗi ne. Damina biyu ta yi tana shiga wani kududdufi a bayan gari da raga da bokiti. Ta kama, ta feɗe, ta duba a madubin ƙara girma, ta jefa kowanne cikin fomalin, ruwan maganin nan mai sa ido hawaye da ke hana gawa ruɓewa. Farfesan da ke duba aikinta shi ya ce kada ta yar da ko ɗaya, wai mai jarrabawar da za a gayyato daga wata jami'a zai nemi ganinsu ranar kare bincike. Da rufin ɗakin gwaji ya fara yoyo sai ta kwaso su gida. Tun daga nan take jiran ranar, kullum ta je ofis amsa ɗaya ce: ki dawo wata mai zuwa.

Ta tura ƙofar ɗakin. Kukan ya ɗauke ɗif. Kwalaben na jere a kan katako yadda ta bar su, kwaɗin sun yi fari fat, cikinsu a buɗe. Amma ƙasan ɗakin a jiƙe yake, yana ƙarnin laka.

Washegari a daidai lokacin aka fara jifa. Tsakuwa ce take sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Maigidanta ya fita da sanda yana zagin 'ya'yan maƙwabta, ya tarar da layin wayam. Da ya dawo ya tsinci guda a tsakar gida, ya juya ta a tafin hannu. Tsakuwar a jiƙe take, da gansakuka a jikinta.

"Ni dai na faɗa tun farko," in ji surukarta, wadda kowa a gidan ke kira Inna. "Gidan da ake kwana da mushe, mala'ika ma sai ya yi sallama daga waje."

"Inna, aikin makaranta ne."

"Makarantar da ba a gamawa? 'Yar nan, har kashin awaki in aka jera shi yana da ƙarshe."

Ita ma abin da take faɗa wa kanta ke nan.

Abin bai tsaya a kan rufi ba. Shalele, yarinya mai surutu kamar an kunna rediyo, ta fara yin shiru. Ta daina cin abinci sai ruwa, ruwa kuwa kamar ana zubawa a rairayi. Da rana ta yi ja sai ta je ƙofar ɗakin ajiya ta tsuguna, hannaye a ƙasa tsakanin gwiwoyi, maƙogwaronta yana kumbura yana sacewa. An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ce ba a ga komai ba. Ranar da uwar ta sunkuya za ta ɗauke ta, yarinyar ta ɗago ido ta ce da wata murya ta tsohuwa, "Cire hannunki. Warin gawa kike yi." A ranar maigidan ya je ya zo da wani Malam mai ruƙiyya.

Malam dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar magariba, Inna ta riƙe yarinyar a cinya, ya fara karatu a hankali. Iska ta tsaya cik. Ba a jin komai sai muryarsa da ƙarar tsakuwa jefi-jefi. Can Shalele ta sandare, ta saki wata ƙara da ba ta dace da ƙirjinta ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinya ta yi miki?"

"Yarinya ba ta yi min komai ba. Uwarta ce." Kan Shalele ya juyo sannu a hankali. "A bakin ruwan nan muke tun kafin a haifi kakanku. Ɗana ya fito wasa cikin rigar kwaɗo, ta sa raga ta ɗauke shi. Ina kallo ta tsaga cikinsa."

Uwar ta zauna daɓas a ƙasa. "Wallahi ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba, shi ya sa ban taɓa ki ba. Gawarsa kawai nake so in binne. Na ji kin ce in kin gama za ki zubar da su, na ce to, in jira. Malam, na jira. Duk ranar da ta je wurin Farfesan nan ina bayanta. Benci ɗaya muke zama a ƙofar ofishinsa, ta rungumi takardu, ni na rungumi hannu. Yau ya yi tafiya, gobe yana taro, jibi ya ce a sauya babi. Mu da muke ganin jikokin jikoki, ni ce na fara gajiya."

"To me ya hana ki je masa shi?" in ji Malam.

"Na je. Ba ya nan."

Babu wanda ya yi dariya. Maigidan ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "Nuna mana kwalbar ɗanki a ba ki, ki fita daga jikin baiwar Allah."

"Ruwan da ta zuba musu ya makantar da ni, duk sun zama ɗaya. Ita da ta yanka shi, ta nuna shi mana."

Uwar ta dubi ƙofar ɗakin ajiya. Ta san nauyin kowanne, ta san tsawon hanjinsa, ta san irin tsutsar da ta ciro. Fuskar ko ɗaya ba ta taɓa kallo ba.

"To duka," in ji muryar. "A mayar da su bakin ruwa, a rufe su da ƙasa."

"Ki ji tausayina," in ji uwar, hawaye na zubo mata. "In babu su ba za a bar ni in kare aikin ba. Ƙuruciyata ce a cikin kwalaben nan. Ki ƙara min lokaci kaɗan, Farfesa ya ce wata mai zuwa..."

Ita da kanta ta kasa ƙarasawa. Bakin Shalele ya buɗe da wata dariya marar sauti.

"Ki riƙe nawa, in riƙe taki. Sai mu jira wata mai zuwan tare."

Malam ya dubi uwar, domin wannan hukuncinta ne, ba nasa ba. Ta dubi wuyan 'yarta da ya zama kamar sillen kara, ta miƙe ta shiga ɗakin, ta fito rungume da kwalba ta farko.

Da safe ita da maigidan suka loda su a bayan mota. Kududdufin ya janye, sai laka mai tsattsagewa. Ya haƙa rami a gefe, ita ta riƙa tsamo su ɗaya ɗaya tana kwantarwa, fomalin yana cin idonta, har ba ta san wanne hawayen ne nata ba. Kafin su iso gida Shalele ta farka tana neman abinci. Aljanar ta cika alkawari, ko tsakuwa ɗaya ba a sake ji ba. Sai dai yarinyar ta koma kwana wurin Inna, kuma in uwar ta miƙo hannu sai ta ɗan noƙe kafaɗa.

Ta daɗe tana tara ƙarfin hali kafin ta koma jami'a. Ta zauna a bencin nan tun hantsi, ita kaɗai, har azahar ta gota sannan aka ce ta shiga. Farfesa yana latsa waya. Ta ce masa samfuranta sun salwanta gaba ɗaya, ta tsaya tana jiran sama ta faɗo.

"Ke ce mai kifi, ko?"

"Kwaɗi, ranka ya daɗe."

"Au, kwaɗi. Wai har yanzu kina ajiye da su? Wa zai buɗe kwalba yana warin nan? Ai da kin zubar tun tuni."

"Kai ka ce in ajiye, Farfesa."

"Ni?" Ya ɗan yi murmushi, idonsa a kan waya. "To, ba komai. Yanzu dai ina da tafiya. Ki dawo wata mai zuwa."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Baƙin cikin irin wanda ba ya fita da kuka ne. Wata uwa ta yi shekaru tana jiran gawar ɗanta, Shalele kuma ta kusa rasa ranta, duk a kan maganar da mai ita ya manta ya faɗa.

Rana ta yi ja lokacin da ta shigo gida. Shalele na zaune a gefen Inna, ta leƙo daga bayan zaninta.

"Umma, an ba ki daktan?"

Ta buɗe baki, ta nemi abin da za ta gaya wa yarinyar, ba ta samu nata ba.

"Wata mai zuwa," ta ce.