Tantin Mutum Biyu

"Wannan? Wannan Obakeng ya ce a ɗaura masa?"

Sethunya ta yi tambayar tana tsaye a kan tsani, rabin jikinta a cikin tantin saman mota da aka kafa don nuni a harabar shagon. Daga ƙasa Gorata mai sayar da kayan ta ɗaga kai tana murmushin da bai kai zuci ba.

"Shi fa, Mma Wame," ta ce, tana kiranta da sunan 'yarta kamar yadda ake kiran uwaye a garin. "Jiya da yamma ya bugo waya ya canja. Kin ga kyansa? Murfinsa mai tauri ne, kina sakin maƙallan zai tashi da kansa, babu ruwanki da kokawa da tampol a cikin iska. Daidai amarya da ango... mutum biyu cif!"

Mutum biyu.

Sethunya ta shafa katifar. Ko kyanwa aka kwantar a tsakiya sai ta takura wani.

Makon jiya su uku suka zo shagon nan, ita da Obakeng da za ta aura, da 'yarta Wame mai shekara huɗu. Babban tantin suka hau, mai naɗewa, Wame ta yi ta birgima daga wannan kusurwa zuwa waccan tana ƙyalƙyala dariya, Obakeng ya ce shi ke nan, gimbiya ta zaɓa. Kuma ba tantin shaƙatawa ba ne. Aikin Obakeng gyaran famfunan burtsatse ne a cikin hamadar Kalahari, da an gama biki za su shiga daji tare, ita tana tuƙi shi yana gyara, sai damina ta koro su gida garin Maun. A can kuwa babu mahaukacin da zai kwantar da yaro a ƙasa, kuraye ba sa wasa da ƙaramin jiki. Wanda bai da wuri a saman mota, bai da wuri a tafiyar.

"Ki sauko a hankali, Mma Wame," in ji Gorata, tana wani jan sunan. "Ga su nan ma."

Su?

Tsohuwar motar Obakeng ce ta shigo, da jibgegiyar kariyar ɗora kaya ta baƙin ƙarfen nan a samanta. A kujerar gaba mahaifiyarsa ce zaune, Mma Obakeng, ta yafa bargon zuwa coci a kafaɗa duk da zafin da ake zubawa. Gorata ta ruga ta buɗe mata ƙofa har da durƙusawa. Ai dole! A ƙungiyar mawaƙan coci ɗaya suke, kuma duk unguwar an san ita ce tsohuwar ta so ɗanta ya aura.

Sethunya ta gaishe ta da hannu biyu, ta amsa a daƙile. Sannan ta juya ga Obakeng.

"Me nake ji?"

"Thunya, zuciyata, tsaya in yi miki bayani..."

"Ina Wame za ta kwanta?"

"Maganar nauyi ce. Rufin motar..."

"Bari in taya ka, Rra," Gorata ta cafe, da kiran girmamawar da ake yi wa maza. "Kowane rufi yana da iyakar abin da zai ɗauka in mota tana tafiya. Kariyar can ita kaɗai ta cinye fiye da rabi. A ɗora mata babban tanti, ku hau tudun yashi a karkace, sai dai a tsince ku tayoyi a sama. Ni fa tsakani da Allah nake sana'ata."

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba. Sethunya ta yi shekaru tana tuƙa masu yawon buɗe ido a gandun dajin Moremi, ta san yadda mota mai nauyin kai take layi a cikin yashi. Amma ta san sauran zancen ma.

"To a kwance kariyar mana! Ga sandunan alminiyam can jingine a bango, ba su da nauyin komai. Da su ake ɗaura babban, kuma haka muka yi magana makon jiya."

Tsohuwar ta juyo ta dubi ɗanta.

"A kwance me?" in ji Mma Obakeng a hankali.

"Mma, ni dai..." Obakeng ya fara.

"Ubansa ne ya yi waldarta da hannunsa, ƙarfe bayan ƙarfe, har tartsatsi ya ci masa ido ɗaya. A kanta aka ɗaura akwatin gawarsa muka kai shi ƙauye. Ita za a kwance a jefar a bola saboda 'yar wani?"

'Yar wani!

Sethunya ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ta dubi Gorata, ta ga ta duƙufa tana gyara jerin fitilun da ba su karkace ba.

"Wa ya ce miki bola za a kai ta, Mma?"

"Masu ƙaunata ne suka faɗa mini, tunda ɗan da na haifa ya zama kurma." Tsohuwar ta gyara bargonta. "Ke yarinya, bari in fito miki a fili. Ba a kanki aka fara ba. Ɗan da mace ta haifa a gidan iyayenta, na gidan ne. Kawunnanki da nasa sun zauna, shanun sadaki na mutum ɗaya aka yanke, ba a ambaci yarinya ba. Za ta zauna wurin uwarki a ƙauyen Shorobe, ki riƙa zuwa kina ganinta. Mene ne abin tashin hankali?"

Sethunya ta juya ga Obakeng.

"Ka san da wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Obakeng, da kai nake! Ka sani?"

"Na ce ko... ko shekarar farko kawai, Thunya. Kafin Mma ta huce. Daga baya sai mu..."

"Daga baya."

Dariya ta kubce mata, irin wadda ta fi kuka ciwo. Wannan ƙaton namiji da ke shiga ramin rijiya ko gezau, yau ga shi ya kasa haɗa ido da mace biyu. Tana son shi, son da ba ta taɓa yi wa kowa ba, kuma a lokacin nan ta tsani kanta saboda hakan.

"Tantin ya yi kyau," ta ce. "Mutum biyu cif. Sai ka nemi ta biyun."

"Thunya!"

Ba ta waiwayo ba. A bakin titi ta tsayar da tasi.

* * *

Kafin la'asar tana Shorobe. Mahaifiyarta na zaune a inuwar ɗaki tana ninke kananan riguna tana jerawa a wani tsohon akwati, Wame kuma na can bayan gida tana korar kaji.

"Kayan wa kike haɗawa, Mama?"

"Na Wame. Zan mayar da su ɗakina, tunda nan za ta zauna."

"Ke ma kin sani kenan."

"Haba Sethunya, kowa ya sani! Ke kaɗai kika toshe kunne. Namiji irin Obakeng ba a tsintarsa a hanya. Ba ya sha, ba ya duka, ga sana'a. Ki yi haƙuri ki tafi ɗakinki, yarinya ba a daji za a bar ta ba."

"Na fasa."

Rigar da ke hannun uwar ta faɗi.

"Kin me? An kai goron gayyata har Gumare, an ware saniyar da za a daka namanta, sannan ki ce... Ke, kina da hankali kuwa? Ni ba haka na bar ki wurin kakarki ba? Me ya same ki? Ba ga ki nan kin girma ba?"

"Kin taɓa tambayata?"

"Tambayar me?"

"Kin san a ina nake wuni duk ranar Kirsimeti? A kan turken ƙofar shingen can. Duk motar da ta taso da ƙura sai in ce ke ce. In kin zo kuma da 'ya'yanki kike zuwa, su suna kiranki Mama, ni ina ɓuya a bayan kaka don ban san me zan kira ki ba." Hawaye suka ɓalle mata. "Na girma, gaskiya ne. Amma Wame ba za ta hau turken nan ba, Mama. Ko da zan mutu ban yi aure ba!"

Uwar ta ɗauki rigar ta kakkaɓe, ta ci gaba da ninkewa.

Wayar Sethunya ta yi ta ruri har rana ta faɗi, ba ta ɗauka ba. Washegari ma haka. Abinci ya ƙi shiga, ko ƙamshin fanken da take mutuwar so ba ta son ji. Sau nawa ta ɗauki wayar za ta kira Obakeng, sai ta hango Wame ta ajiye.

Rana ta uku da hantsi motar Obakeng ta tsaya a ƙofar shinge.

Ta leƙa ta taga. Babu tanti a sama. Kariyar kuwa tana nan daram.

Ranta ya ɓaci. Wato lallashi ya zo yi! Ta fito a fusace.

"In haƙuri ka zo ba ni, ka juya tun..."

Sifana ya miƙo mata. Guda biyu ne a hannunsa, idanunsa sun yi jajir kamar wanda bai runtsa ba.

"Notikan kariyar sun yi tsatsa," ya ce. "Sai wani ya riƙe ta ƙasa, wani yana murɗawa ta sama. Na gwada ni kaɗai, na kasa."

Ta tsaya tana kallon sifanar.

"A garejin Maun babu mai riƙe maka?"

"Akwai. Ba na son hannun kowa a kanta sai naki."

"Mma fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi kariyar.

"Na gaya mata a tsakar gidanta zan kafa ta, a ƙarƙashin bishiya, ba bola ba. Na gaya mata zan koma wurin kawunnai a sake zama, a ambaci Wame, in ƙara abin da za a ƙara. Ta ce in na taɓa noti ɗaya, kada in neme ta ranar biki."

"To?"

"To ga ni."

"Obakeng, kada ka yi abin da gobe za ka goranta mini. Uwa ce fa."

"Na ji kunya ranar nan, Thunya. Na tsaya kamar gunki ana kiran yarinyar da nake goyo a wuya 'yar wani. Mma za ta huce ko ba za ta huce ba, ban sani ba, kuma yana ci mini rai. Amma ba zan tuƙa motar nan in bar Wame tana kallon ƙurarmu ba." Ya sake miƙo hannun. "Riƙe mini, masoyiyata... don Allah."

Ta karɓa.

Ya hau saman, ita ta taka taya ta cusa sifanar ta ƙasa. Na farko ya yi ƙara ya saki. Na biyu sai da suka zuba masa baƙin mai suka jira. A na kusurwar baya, inda waldar ta fi kauri kuma ta fi muni, Obakeng ya tsaya, ya dafa wurin da tafin hannunsa. Ɗigo ya sauka a kan hannun Sethunya, ta san ba gumi ba ne. Ta ƙara riƙe sifanar da kyau har ya murɗa.

Da taimakon maƙwabta biyu aka sauke kariyar aka jingine ta a shinge. Rufin motar ya fito fili, fentinsa fari tas inda rana ba ta taɓa gani ba.

"Kawu Oba..."

Wame ce, a tsaye a bakin shinge, ta rungume 'yar tsanarta. Ba ta ruga ta ɗafe shi ba kamar yadda ta saba.

"Na'am, gimbiya."

"Kaka ta ce wai babu wurina a sama."

Sethunya ta toshe bakinta da hannu. A ƙofar ɗaki mahaifiyarta ta kau da kai.

Obakeng ya durƙusa, ya ɗauki yarinyar cak. Ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a kan rufin saboda zafi, ya ɗora ta a kai, hannunsa ɗaya riƙe da ƙafarta.

"Yau za mu koma shago mu ɗauko babban. Amma ban san girmanki ba. Kwanta ki nuna mini iya wurin da kike so."

Wame ta dube shi, ta dubi uwarta. Sai ta kwanta rigingine, ta baje hannuwa da ƙafafu iya ƙarfinta, ta ajiye 'yar tsanar a gefe ita ma da nata wurin.

"Duk nan!"

"Kai! Duka? To mamanki fa?"

Ta yi nazari, sannan ta ɗan janye hannu ɗaya.

"Ni kuma fa?"

"Kai ka kwanta a bakin tsani, ka tare kura."

Dariya da kuka suka haɗe wa Sethunya lokaci guda, ta kifa goshinta a kafaɗarsa, sifanar na hannunta har yanzu.

"Ka ji dai," ta ce.

"Na ji," in ji shi, sannan ya juya ga mahaifiyar Sethunya. "Mma, a fito mana da akwatin Wame, a mota za a sa."