Takardun Gidan Indumati

Ni kaina ban taɓa karanta takardar banki har ƙarshe ba, don haka ban ga laifin Sufeto Jagtap ba da sai da aka maimaita masa bayanin sau biyu.

Mai bayanin shi ne Tambe, wanda ke wayar wa tsofaffin birnin Pune kai a kan jinginar da gida. Banki zai riƙa bai wa Indumati Gadgil rupi dubu goma sha biyu duk wata, tana zaune a gidanta. In ta rasu a sayar da gidan, sai fa in magada sun biya. Gobe za ta kai wa banki takardun gidan, yau an wayi gari babu su. In babu su, babu kuɗin wankin ƙodarta.

"Ina kike ajiye su, Mama?" in ji Jagtap.

"Ƙarƙashin Ganesha. Wa zai yi sata a gabansa?"

A ɗakin bauta mutum-mutumin Ganesha, abin bautarta, ya ɗan karkace, ga baƙin hayaƙi a kafaɗunsa biyu. Bayan ƙofa Jagtap ya tsinci awartakin juya gurasa.

Ya fara da ɗan Indumati, Nilesh, wanda ya rantse bai ma san da zancen banki ba. Tambe ya buɗe rajistar zaman bayani, ga sunansa a ciki, har kofin shayi biyu ya sha. Nilesh ya yarda ya yi ƙarya, amma ya ce jiya a Nashik ya kwana. Tikitin jirgin ƙasa ya gaskata shi.

Ƙanwarsa Ujwala ta zo cikin farin sari, tufar makoki. Ta ce kwana shida ba ta leƙa waje ba, surukinta ya rasu.

"Sannu da rashi. Kwana nawa ya rage a zaman makokin?"

"Bakwai, yallaɓai."

"Kafin nan ba ki da halin taɓa abin bauta ke nan."

"Haka al'ada take."

Jagtap ya ajiye awartakin a gabanta.

"Ɓarawon titi da hannu zai ɗaga shi. Yayanki ma haka. Ke kaɗai ce kika ji tsoron taɓa Ganesha, amma ba ki ji tsoron ciwon uwarki ba."

Ujwala ta amsa laifinta. Sannan ta ce tun ranar aurenta dangin mijinta ke jiran rabin gidan nan. Mijin ya faɗa mata, in banki ya karɓe shi ta nemi wani wurin zama. Takardun suna cikin tulun shinkafarta.

Indumati ta roƙa a bar maganar a gida. Jagtap ya ce sai an ɗauki bayani a caji ofis tukuna. Wata 'yar sanda ta kama hannun Ujwala, suka fita.

Washegari injiniyan banki ya duba ginin, ya ce ba zai ƙara shekara ashirin a tsaye ba. Don haka banki bai karɓi gidan ba.