Zakaran Gonar Yaya

Auta ta ajiye wani ƙaramin kaset a kan teburin mai gyara, a tsakiyar tarkacen wayoyi. Saurayin ya ɗago kai ya dube ta, ya shagala har dalma ta ɗiga masa a wando.

"Na Yayana ne, ya rasu," ta ce. "Gona ya yi a cikin gem ɗin, wasan nan da ake jonawa a talabijin. Na'urar ta mutu, ina tsoron gonar ma ta bi shi."

Ya juya kaset ɗin a hankali kamar ƙwai. Ya ce wani ɗan batir ne a ciki ke riƙe da ajiyar, kuma ya tsufa ƙwarai, ranar da ya ƙare komai zai goge. Akwai wata 'yar na'ura da za ta kwafo gonar, a zuba ta a sabon gem mai manhajar da ke kwaikwayon tsohon, sai dai odarta za a yi.

"Idan batirin ya riga ta fa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, zai iya."

Gaskiyar nan ce ta kama zuciyarta. Jira ya haɗa su, waya ta ƙarasa sauran.

"'Yar Gona, kaset ɗinki na lafiya, na naɗe shi a sabuwar safa. Kin ci abinci?"

"Injiniyana, ba na iya ci. Kullum gani nake na kunna na tarar da fili fetal."

Wani tsoron ma ya fi wannan. Tun rasuwar, Abbanta ya kulle kayan ɗansa a akwati ya hana kowa taɓawa, ita kuwa a ɓoye ta ɗauko kaset ɗin. Ga shi yana ta yi mata zancen ɗan amininsa mai kantin magani. Ranar da ya buɗe akwatin, ya tarar babu kaset ɗin, dole Auta ta faɗa masa inda ta kai shi.

"Kayan ɗana kika kai wa mai wasan yara? Shi ne wanda Ummanki ke cewa yana sonki? A dawo min da shi yau, kada in ƙara jin zancensa!"

Ta tura saƙo, shiru. Ta kira, waya a kashe. Ta zauna a bakin gado, ta gama yanke cewa batirin ya mutu, kunya ta sa ya ɓuya.

Da la'asar sai ga sallamar mai gyaran. Ashe na'urar da ya yi oda ce ta iso, ya kashe waya don kada wani abu ya ɗauke masa hankali a kan aikin.

"Abba, ga kaset ɗinka. Alfarma ɗaya nake roƙo, a bar ni in jona wannan sabon gem ɗin a talabijin."

Saurayin ya jona. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya daɗe a haka. Auta ta damƙe hannun Umma.

Sai kiɗan ya tashi, siriri, wanda gidan ya daɗe bai ji ba. Ga gonar shar, kowace dabba da sunan da Yaya ya raɗa mata. Saniya Umma, 'yar tsako Auta. A kan rufin kuma wani jan zakara ya miƙe wuya yana cara, sunansa Abba.

Umma ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Wallahi kai ne! Wa ke tashinmu tun duhu?"

Abba ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa. "Yanzu ba za ta ƙara gogewa ba?"

"Na kwafe ta wuri-wuri, Abba."

"To, ka turo manyanka."

Ranar da za a kai amarya, Auta ta kai hannu za ta sa gem ɗin a jaka, Abba ya riƙe shi gam.

"Ku tafi, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Gonar ɗana dai a nan za ta zauna. Ni zan riƙa ba su abinci."