Buhun Masara a Bayan Kyaftin

A bakin kasuwar Dandume motarsu ta tsaya, domin wata tirela ta tare hanya ana yi mata lodin masara. Raudatu tana gefen taga, Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinta, tana kusa da ita. Daga Funtua suka taso za su gidan suna.

'Yan dako suna ta hawa katakon da aka jingina a bayan tirelar, kowa da buhu a bayansa, sun rufe hanci da ƙyalle saboda ƙura. Idonta ya sauka kan wani dogo da yake hawa yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya dire buhun, ya juyo, ya ja ƙyallen ƙasa don ya share gumi.

Kabiru ne. Mijinta.

Mijin da ta sani yana can Kudu a sansanin ƙungiyarsu ta ƙwallon ƙafa, wanda ko jiya sai da ya kira ta ya ce atisaye ya yi musu yawa.

Idonsu ya haɗu. Kafin ta yi wani tunani hannunta ya riga ya ja mayafi ya rufe fuskarta, ta sunkuyar da kai.

"Ke Raudatu, wancan ba mijinki ba ne?" in ji Gwaggo.

"Ba shi ba ne, Gwaggo... kama ce kawai."

Gwaggo ta daɗe tana kallon waje har motar ta wuce.

A gidan sunan Raudatu ba ta iya cin komai ba. Matan da suka san ta suna ta yi mata tsiya, matar Kyaftin an saba da abincin birni. Ta riƙa murmushin dole.

Kabiru ɗan Tsiga ne. A filin firamare ya fara ƙwallo ba takalmi, daga nan ya shiga ƙungiyar wata unguwa a Funtua. A wata gasar ƙananan hukumomi wani koci ya gan shi, ya tafi da shi. Ɗan wasan tsakiya ne, mai lamba takwas. Ba ya yawan zura ƙwallo a raga, amma duk ƙwallon da za ta zama ci sai ta bi ta ƙafarsa. Yakan karɓe ta a nutse, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya aika ta inda babu wanda ya zata. Da haka ya hau har babbar gasar ƙasa, aka ɗaura masa kyaftin.

A lokacin ne ya fara zuwa zance wajenta a Malumfashi. Mahaifinta, Alhaji Buba, manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, ya ce shi bai ga sana'a a bin ƙwallo da gajeren wando ba. Raudatu ta yi kuka, ta daina cin abinci, ta aika Gwaggo ta faɗa masa cewa Kabiru sai ya yi suna a duk ƙasar nan, ba kuma zai taɓa ba su kunya ba. Alhaji ya gaji ya sallama.

Bayan aurensu, a wani wasa da aka buga cikin ruwan sama, gwiwarsa ta hagu ta murɗe. Aka yi masa aiki, ya yi jinya a gida, ya koma. Tun daga nan duk lokacin da ta tambaye shi me ya sa ba ta jin sunansa a rediyo, sai ya ce koci yana lallaɓa shi ne a benci har ƙafar ta gama warkewa. Yakan zo gida jefi-jefi da jakarsa ta wasa a kafaɗa, ya yi cefane, ya kwana biyu, ya tafi. Ita kuwa ta ci gaba da faɗa wa kowa cewa Kyaftin yana sansani.

Ranar da ta gan shi a Dandume, bayan magariba ya yi sallama a gidansu na Funtua. Babu jaka. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki kamar baƙo, sai da ta ce ya shigo. Bai hau kujera ba, a ƙasa ya zauna.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun ƙarshen kakar wasan da ta wuce."

Ya ba ta labarin, kansa a ƙasa. Ƙafar ba ta dawo ba. In ya juya da sauri sai gwiwar ta sake shi. Ƙungiyar ta sallame shi, ya bi wasu ƙungiyoyin gwaji, kowace sai ta kalli gudunsa ta ce za a kira shi. Babu wadda ta kira. Makarantarsa ba ta yi nisa ba, ba shi da wata sana'a a hannu. Wani tsohon abokinsa, Shitu, ya ba shi wurin kwana a bayan shagonsa a Dandume, shi kuma ya shiga cikin 'yan dako. Ya ce ƙyallen ma ba lallai ba ne, samarin yanzu 'yan wasan Turai suka sani, ba wanda ya taɓa gane shi.

"Me ya hana ka faɗa mini, Kyaftin?"

"Sau nawa nake zuwa da niyyar in faɗa, Rauda... sai in tarar kin goge hotona na bango. Ke kika tsaya wa Baba a kaina. Da wane baki zan ce miki shi ne mai gaskiya?"

Hawaye suka zubo mata.

"Ban ga laifinki ba da kika rufe fuska," ya ce a hankali. "Ni ma da ina da abin rufewa da ya fi wancan ƙyallen, da na rufe."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Ta so ta ba shi haƙuri, bakin ya ƙi buɗewa. Ta tashi ta kai masa ruwan wanka. Da ya cire riga ta ga kafaɗunsa duk sun saɓule, wani wurin ya warke, wani bai warke ba. Ta juya baya da sauri.

Da safe Alhaji Buba ya kira waya, ya ce yana son ganinsu su biyu. Gwaggo ta riga ta sanar da shi.

A zaure suka same shi a Malumfashi. Kabiru ya durƙusa da ƙyar, gwiwar tana ƙara, ya maimaita abin da ya faɗa mata, bai rage komai ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ƙwallo ba ta taɓa burge shi ba, amma bai taɓa zaton ya ba da 'yarsa ga mutumin da zai dubi idonta ya yi mata ƙarya wata da watanni ba. Ya ce Raudatu za ta zauna a gida sai ya yi tunani.

Kabiru ya ce duk hukuncin da Baba ya yanke ya karɓa.

Sai Alhaji ya juyo gare ta.

"Ke kuma, Hansai ta ce kin ce kama ce."

Raudatu ta ƙara sunkuyawa.

"Kin san a ina na fara? A wannan kasuwar ta Dandume. Kafin in mallaki buhu ɗaya nawa, na mutane na riƙa ɗauka. Da bayan nan na auri mahaifiyarki. Wato da ni kika gani a kan katakon nan, ni ma rufe fuska za ki yi?"

Kuka ya ƙwace mata. Ba ta taɓa jin wannan labarin ba, ita dai ta tashi ta ga Alhaji da rumbuna da mota.

"Baba, ka yafe mini," ta ce. "Shi tsoro ne ya sa ya ɓoye mini... ni kuwa ina kallonsa na ce ban san shi ba. In hukunci ne, ni na fi cancanta. Amma don Allah kada ka raba ni da shi yanzu, ba shi da kowa a tsaye."

Ba ta taɓa yin magana irin wannan a gaban mahaifinta ba. Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya tambayi Kabiru ko mahaifiyarsa ta sani. Kabiru ya girgiza kai. Alhaji ya ce to ba zai saurari wata magana ba sai ya je Tsiga yau ɗin nan ya faɗa mata da bakinsa. In ya dawo, akwai gonarsa ta Gozaki da take neman mai kula da ita, domin wannan gwiwar ba ta dako ba ce.

Raudatu ta roƙi a bar ta ta raka shi. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tashi ya shige cikin gida. Ta ɗauki hakan a matsayin izini, ta bi mijinta.

Suka isa Tsiga da la'asar. Inna Maijidda, mahaifiyar Kabiru, tana tsakar gida tana sussukar masara, ƙaramin rediyo a gefenta. Ta yi murna da ganinsu, ta fara tambayar ko an ba shi hutu ne. Kabiru ya sunkuyar da kai. Raudatu da take jin nauyin ko ɗaga ido a gaban surukarta, ita ce ta matsa kusa da shi.

"Inna, ya daina ƙwallo. Ƙafar ce ta ƙi. Dako yake yi a Dandume yana ciyar da ni, ni ban sani ba."

Inna ta ajiye masarar. Ta dubi ɗanta tun daga kai har ƙafa, idonta ya ciko. Ta ce ya matso ya naɗe wandon. Ta ɗora tafinta a kan tabon ɗinkin, gwiwar ta kumbura tana zafi.

"Da wannan kake ɗaukar buhu?"

Ya gyaɗa kai. Hawayen da ya riƙe tun jiya suka zubo, ya kifa fuskarsa a cinyarta kamar ƙaramin yaro. Inna tana shafa kansa tana cewa ita ba kyaftin ta haifa ba, Kabiru ta haifa, kuma tun da ya fara yawon hanyoyin nan ba ta taɓa barci da ido biyu a rufe ba.

Ta aiki Raudatu ɗaki ta ɗauko man shanu. Da ta kawo, Inna ba ta karɓa ba.

"Ke za ki shafa masa, 'yata. Ni hannuna ya tsufa."

Raudatu ta durƙusa a gabansa, ta ɗebo man.

"Ka yafe mini, masoyina," ta ce yadda shi kaɗai zai ji.

"Ni zan ce haka, Rauda."

"To mu yafe wa juna. Miƙe ƙafar."

Ya miƙe ta.